Yadda za ka gabatar wa ƴan fada da Paul Robeson a dare ɗaya

Kada ka fara da hoto. Paul Robeson baƙar fata ne ɗan Amurka, mawaƙi kuma ɗan wasan fim, amma muryarsa ta riga fuskarsa zagaya duniya, kuma ta kunne ya kamata mutanenka su fara saninsa. Na koyar da Ingilishi a kolej nan Maraɗi har na yi ritaya, kuma tun ina aiki nake kunna wa ɗalibai waƙoƙinsa. Yanzu samarin unguwarmu ta Zariya ne ke zuwa su ce, Mushe, a shirya mana kallo a fada, wato wurin da suke zaman shayi da hira. Abin da nake yi musu shi zan zayyana maka, ɗana, don ka iya yinsa ko ba na wurin.

Kayan aikin ba su da yawa: tele ko kwamfuta, lasifika babba, da batir mai caji saboda kuran na iya tafiya ana tsakiyar kallo. Ka sauke komai daga intanet tun da rana, ka zuba a kile, kada ka dogara da rezo da dare. Lasifikar ita ce ba a yi mata rowa. Muryar mutumin nan ƙasa-ƙasa take, mai kauri, salula ba ta iya ɗaukarta, sai ka ji siririn abu kawai. In babu taka, ka aro ta masu biki, ka ƙara ƙarfin sautin ƙasa, ka aje ta bisa tabarma kusa da bango. Idan ta zauna daidai, a ƙirji ake jin muryar, kamar tambarin sarki ranar hawan salla.

Bayan sallar isha, shayi na farko yana kan wuta, ka kashe allo ka kunna “Go Down Moses”. Kafin ka danna, ka faɗa musu abu ɗaya tak: waƙar bayin Amurka ce, tana maganar aiken Annabi Musa wurin Fir'auna don ya saki mutanen da ya bautar. Ba wanda ke zaune a tabarmar nan da bai san ƙissar ba, saboda haka ba sa buƙatar ka fassara baiti-baiti. Ka bar ta ta ƙare, kada ka yi magana a kanta.

Sai labarin rayuwarsa. Ka haddace shi, karantawa daga takarda yana kashe hira. An haife shi ran 9 ga Afrilu 1898 a garin Princeton na jihar New Jersey. Mahaifinsa, William Drew Robeson, cikin bauta aka haife shi a North Carolina, ya gudu a 1860 yana matashi, ya yi karatu, ya zama fasto. Ka faɗi wannan a fili, domin waƙoƙin da za su ji daga coci suka fito, kuma gara su ji daga bakinka. Mahaifiyarsa ta rasu a gobara a 1904 yana ƙaramin yaro. A 1915 ya shiga jami'ar Rutgers, baƙar fata na uku da aka taɓa ɗauka a can, ya yi fice a ƙwallon Amurka har aka sa shi cikin gwanayen ƙasar, kuma shi ya yi jawabin ban kwana a madadin ajinsu a 1919. Ya gama karatun lauya a jami'ar Columbia a 1923. Aikin bai daɗe ba. Wata sakatariya farar fata ta ƙi rubuta abin da yake shifta mata saboda launinsa, ya bar ofishin, ya koma dandalin wasa, matarsa Eslanda tana ƙarfafa masa gwiwa kuma tana riƙe masa harkokinsa. Wurin sakatariyar nan ka ɗan dakata. Kullum akwai mai digiri a fada da ke tuƙa kabu-kabu, shi zai fara magana, ka ba shi dama.

Yanzu ka kunna allo. Daga fim ɗin “Show Boat” na 1936, wanda James Whale ya shirya, yanki ɗaya kake buƙata, inda yake rera “Ol' Man River”. Sauran fim ɗin labarin masu wasa ne a jirgin ruwa, da rawa da soyayya, ba shi ya tara ku ba. A yankin nan Robeson yana zaune a bakin kogin Misisipi yana feƙe ɗan itace da wuƙa, kyamara ta kewaya shi sannu a hankali har ta tsaya a fuskarsa, sannan a nuno shi yana ɗaukar dilar auduga. Ka ce su kalli hannuwansa da idanunsa, yadda ba ya motsi da yawa. Jerome Kern da Oscar Hammerstein ne suka tsara waƙar, kuma tun 1928 ya rera ta a dandali a Landan. A fim ɗin, mai waƙar ya gaji da rayuwa, yana kuma tsoron mutuwa. Daga baya, a wuraren taro, Robeson ya canza baitin ya mai da shi alkawarin ci gaba da fafutuka har ranar mutuwa. Ka nemo ɗaukar da ya yi a shekarun baya, ka kunna ta nan take bayan ta fim ɗin. Ko wanda ba ya jin Ingilishi zai ji cewa ta biyu a tsaye take.

Nan ne wurin da ya fi wuya, kuma nan na fi so ka natsu. A 1935 ya fito a “Sanders of the River”, fim ɗin Ingila da Zoltan Korda ya shirya, wanda aka ɗora labarinsa a Najeriya zamanin mulkin mallaka. Robeson ya fito a matsayin Bosambo, sarkin da ke biyayya ga Baturen mulki. Ya karɓi aikin ne da zaton za a nuna kiɗa da al'adun Afirka da mutunci, domin a lokacin yana Landan yana karatun harsunan Afirka, har da Swahili. Da aka gama haɗa fim ɗin, sai ga shi yabon daular Ingila ne daga farko har ƙarshe, Bature shi ne uba, mutanen ƙasa yara. Robeson ya barranta da shi a bainar jama'a. Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya zama shugaban Kenya na farko, yana cikin ƴan rakiya a fim ɗin.

Wasu za su ce a tsallake shi don kada a zubar wa mutumin da girma. Ban yarda ba. Ka nuna minti goma, inda Bosambo yake tsaye gaban Baturen ana yi masa tambayoyi. Za ka ji tsaki daga kowane ɓangare, wani ma ya ce a kashe. Kada ka kashe, kada kuma ka yi sauri ka kāre shi. Ka tambaye su, mutumin da ya fi duk masu fim ɗin ilimi, yaya aka yi ya tsinci kansa a nan? Amsar tana hannun wanda ke riƙe da almakashi a ɗakin haɗa fim. Ɗan wasa yana yin nasa ya tafi gida, wani ne ke yanka, ya jera, ya ƙara abin da yake so. Yaranmu da ke ɗaukar bidiyo da salula suna sawa a TikTok sun fi ni gane wannan, da zarar ka faɗa za su kama. Idan akwai dattijo a wurin da ya ji labarin aikin tilas na zamanin Faransa daga iyayensa, ka roƙe shi ya ce wani abu: Baba, ku da kuka ji daga bakin waɗanda suka gani, haka abin yake?

Babban kallon daren shi ne “Jericho” na 1937, kuma shi za ka nuna gaba ɗayansa, bai kai awa ɗaya da rabi ba. Na zaɓe shi ne saboda ya taɓo ƙasarmu. A fim ɗin, Robeson sojan Amurka ne a yaƙin duniya na farko, ya ceci ƴan'uwansa a jirgin da aka harba, aka tuhume shi da kisan wani na gaba da shi, ya tsere zuwa Sahara. A can ya zauna cikin Abzinawa, ya yi musu magani da ilimin likitanci da yake da shi, ya yi aure, ya zama jagora, har ya ja ayarin gishiri. An ɗauki wani ɓangare a Masar. Da raƙuma sun bayyana a allo fada za ta ɗauki surutu, domin kowa ya san gishirin Bilma da ayarin da ke sauko da shi. In kana da maƙwabci Ba'abzine, ka gayyato shi tun da rana, ka zaunar da shi kusa da kai. Shi zai nuna inda masu fim suka yi daidai da inda suka yi shaci-faɗi a naɗin rawani da zaman tanti, kuma akwai shaci-faɗin da yawa. Duk da haka, baƙar fata ne jarumi, mai ilimi, ba ya durƙusa wa kowa, kuma yana raye fim ya ƙare. A 1937 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen fassara, kada ka bi kowace jimla kamar masu fassarar fim ɗin Indiya. Ka tsayar a ƙarshen kowane babban yanki, ka faɗi abin da ya faru a jimla biyu ko uku, ka ci gaba. Lokacin waƙa ka yi shiru.

Shayi na uku shi ne na ƙarshen labari, kuma kada ka bari barci ya sa ka gajarta shi. A 1942 ya daina fim ɗin Hollywood saboda irin matsayin da ake ba baƙaƙe. A 1943 ya fito a “Othello” na Shakespeare a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, aka yi wasan sau 296. Tun 1937 yana cikin waɗanda suka kafa wata majalisa a Amurka mai goyon bayan ƴancin ƙasashen Afirka. Yana kuma ƙaunar Tarayyar Sobiyet, wadda ya fara ziyarta a 1934. A 1949 jaridu suka ruwaito cewa ya ce a wani taro a Paris baƙaƙen Amurka ba za su yaƙi Sobiyet ba, ƙasa ta ɗauki zafi, a wani taron waƙarsa kusa da garin Peekskill na jihar New York aka yi wa motocin masu sauraronsa ruwan duwatsu, fiye da mutum 100 suka ji rauni. A 1950 gwamnati ta ƙwace fasfonsa, zaurukan waƙa suka rufe masa ƙofa, aka janye faya-fayansa daga shaguna. A 1956 wani kwamitin majalisa ya tambaye shi me ya hana shi zama a Rasha, ya amsa cewa ubansa bawa ne, mutanensa sun mutu wajen gina Amurka, don haka yana nan daram. A 1957 ta wayar tarho da ta ratsa ƙarƙashin teku ya rera waƙa ga masu sauraro a Landan, ya sake yi wa masu haƙar kwal na Wales, waɗanda ya yi fim ɗin “The Proud Valley” a kansu a 1940. Sai 1958 aka mayar masa da fasfo, ya fita ƙasashen waje. Lafiya ta ƙi, ya koma gida a 1963, ya rasu a Filadalfiya ran 23 ga Janairu 1976.

Akwai abin da ba na yarda a ɓoye. Ya karɓi lambar yabo ta Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin, a 1952, ya yabi Stalin, bai kuma fito ya la'anci kisa da ɗaurin da aka yi a ƙarƙashinsa ba. Ina ƙaunar mutumin nan, kuma wannan yana yi mini ciwo har yau. Ka faɗa musu yadda yake, ka bar su su yi gardama a kai, kada ka yanke musu hukunci.

Kafin a watse za a miƙo maka salula ana neman waƙoƙin. Ka tanadi guda huɗu ko biyar a wuri ɗaya, ka rubuta wa kowace shekararta da ɗan bayani da Hausa a sunan fayil, ka tura musu, kuma ka gaya wa kowa ya saurara da abin kunne ko lasifika.