Yadda ake sauka da komawa babban jirgin yawon teku in ya tsaya a gari, don kada a bar ka a bakin ruwa

Mu ƴan Damagaram ruwan da muka sani na tabki ne da na famfo in ya ga dama ya zo, to sai ga shi yayana da ke zaune Marsai ya ja ni yawon sati ɗaya cikin irin baton nan mai kamar unguwa guda a kan ruwa, kullum safiya ka farka a wani gari daban. Tun da na dawo ake tambayata wai in jirgin ya tsaya yaya ake fita, kuma yaya ake komawa. Bari in faɗa a tsare, iyakar abin da idona ya gani.

Abin ya fara tun kana gida, a kan biza. Ka duba jerin garuruwan da jirgin zai tsaya. In duk cikin ƙasashen Shengen ne, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kamar Faransa, Italiya, Sifaniya da Girka, to da sauƙi. Amma in zai leƙa Tunis ko Tanja ko Istanbul ya dawo, kana bukatar biza mai shiga da yawa, ba mai shiga ɗaya ba, kuma ka tambayi sharaɗin ita ƙasar da za a leƙa ɗin. Paspor ya zama da sauran wata 6 aƙalla, karnen rigakafin shawara ma ka jefa shi cikin sak, baya da nauyi.

Ranar shiga ta farko za su ɗauki hotonka su ba ka wani kati kamar na banki. Wannan katin shi ne makullin ɗakinka, shi ne kuɗinka cikin jirgi, kuma shi ne shaidarka a ƙofa. Ni igiya na sa mashi na rataya a wuya kamar laya, yayana yana ta dariya, amma shi ne ya manta nashi a ɗaki sau biyu ya koma hawa na 11 yana huci. Ran nan kuma dole ka je wurin taron gaggawa da aka rubuta a katinka a nuna maka rigar ceto ta ruwa da inda za ka tsaya in wani abu ya faru. Kada ka ce za ka zille. Tun bayan haɗarin jirgin Costa Concordia a watan Janairu 2012 kusa da tsibirin Giglio na Italiya, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara dokar, ana yin shi ne kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa.

To yanzu ainihin maganar. Kowane dare ka karanta takardar shirin gobe, ko a ɗaki ko cikin manhajar jirgin a waya. Lokaci biyu za ka gani, na tashin jirgi da na komawar kowa ciki, kuma na biyun ne naka, yawanci minti 30 ne kafin tashi. In an rubuta tashi ƙarfe 6 na marece, komawa 5 da rabi, to kai ka sa wa ranka 4 da rabi. Ɗauki hoton takardar da waya, don a jikinta akwai lambar wakilin jirgin na wannan garin, shi za ka kira in ta ɓaci.

Sai agogo, nan ne mutane ke faɗawa rami. Jirgi da agogonsa yake aiki, wani lokaci yana bin na garin, wani lokaci baya bi. Waya kuma da ta kama rezo sai ta canza lokaci da kanta ba ta yi shawara da kai ba. Lokacin zafinsu Faransa da Italiya suna gaban Nijar da awa 1, Girka da awa 2, ka ga in kana lissafi da agogon gida don kiran iyali, kana kuma duba na waya, ga na jirgi, kanka zai ɗaure. Abin da na yi, na sayi ƙaramin agogon hannu mai allura, kowace safiya kafin in fita in daidaita shi da na bakin ƙofar jirgi, shi kaɗai nake yarda da shi.

Fita kanta ba wuya. A jira sanarwa cewa hukumar tashar ta ba da izini, ka sauka hawan da aka faɗa (ƙofar tana canzawa daga gari zuwa gari, kada ka ce ai jiya nan muka bi), ka miƙa kati a ɗora a na'ura ta yi ƙara, hotonka ya fito, ka taka gadar ka sauka. Kada ka fita da abincin jirgi, musamman ƴaƴan itace da nama, ƙasashe da yawa sun hana. Ruwa, hula, magani in kana sha, kati, da takardar shaida mai hoto, su ke nan. Maganar paspor ka bi abin da suka ce ran nan, wani wuri dole ka riƙe shi, wani wuri kwafi ya isa ka bar na ainihi a akwatin ƙarfen ɗaki.

Wasu garuruwan jirgin baya iya matsawa gaɓa, sai ya tsaya can tsakiyar ruwa a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage, sau da yawa ma jiragen ceton nan ne da ke rataye a gefe ake saukowa da su. Nan sai ka karɓi tike mai lamba ka jira a kira, waɗanda suka biya yawon da jirgi ya shirya su ake fara fitarwa. Wurin takawa daga babba zuwa ƙarami, ƙaramin yana hawa yana sauka da igiyar ruwa, ma'aikata biyu na tsaye, ka ba su hannu kawai, ba wurin nuna jarumta ba ne. Na ga wani dattijo ya ƙi, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, da ƙyar aka cafe shi. Babbar riga da silifas ka bar su sai dare wurin cin abinci.

Santorini ta Girka haka take, kuma ita ce ta kusa kai ni ƙasa. Garin Fira yana can saman dutse, hawa sai da keken igiya mai rataye, ko matakala kusan 600, ko jaki. Na ce ni da na baro jakuna a Kasuwar Dole ba zan ba da yuro in hau jaki ba. Hawa lafiya lau, amma da marece kowa ya tashi saukowa lokaci guda, layin keken ya miƙe har ba ka ganin ƙarshensa, na duba agogo na ga saura minti 50 ƙaramin jirgi na ƙarshe ya tashi, sai na bi matakala a ƙafa, dutsen santsi ga kashin jakai, na iso gwiwa na rawa. Yayana na ganina ya ce, “ƙane, ka ɗauka kar ɗin Yamai ne da za a tsaya ana kiran sunanka?”

Gaskiyarsa. Suna kiran suna a lasifika kam, amma in lokaci ya yi sai su janye gada. Wanda ya bi yawon da jirgi ya shirya shi ake jira in motarsu ta makara, wanda ya fita da kansa kuwa sai dai ya bi jirgin zuwa gari na gaba da kuɗin aljihunsa. Shi ya sa in wurin na da nisa, kamar Roma da ke wajen kilomita 80 daga tashar Civitavecchia, sama da awa ɗaya a jirgin ƙasa, ni dai shawarata ka biya nasu ko da tsada. In gari na kusa ne kamar Basalona, fita da kanka ya fi araha nesa ba kusa ba, ka tuna yuro 10 jikka 6 da rabi ne da ɗoriya.

Komawa: a ƙofar tasha ka nuna kati, wani wuri har da shaida mai hoto, a bakin jirgi a sake ɗora katin, sak ya bi ta na'urar bincike kamar filin jirgin sama. In ka sayi wuƙar ado za su iya riƙe ta sai ranar ƙarshe. Ka tabbata ka ji ƙarar na'urar, don ita ce ke nuna masu ka dawo. Da ka shiga ka sa waya a yanayin jirgin sama, rezon tsakiyar teku yana cinye kuɗi kamar gobara. Salla kuma in ka samu wuri a gari ka yi abarka can, cikin jirgi alƙibla na juyawa da shi.

Daren ƙarshe za a ba ka takarda mai launi ka ɗaura wa akwati ka ajiye shi bakin ƙofa, da safe a kira launi-launi ku sauka ku same shi a tasha. Ka ware kayan da za ka sa da safe da paspor da kati kafin ka rufe akwatin, mun ga wani bature a layin fita da rigar barci.