Yadda ake zana bishiyar matsala don gano raunin na'ura tun kafin ta lalace

Yawancinmu sai inji ya tsaya muke neman dalili. Amma akwai na'urorin da tsayawarsu asarar rai ce, irinsu kuwa tun suna lafiya ake zama da takarda da biro a binciko hanyoyin da za su iya gazawa. Zanen da aka fi yi wa wannan aiki shi ne bishiyar matsala. H. A. Watson ne ya fito da shi a cibiyar binciken Bell ta Amurka a 1962, lokacin da ake nazarin tsarin harba makami mai linzami na Minuteman. Daga baya kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya rungume shi, a 1975 kuma wani rahoton gwamnatin Amurka mai suna WASH-1400 ya auna haɗarin tashoshin nukiliya da shi.

Bari mu gwada da firijin allurar rigakafi a asibitin karkara, wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8.

Da farko ka zana akwati a saman takarda, ka rubuta abin da kake gudu. Kada ka rubuta "firiji ya lalace", wannan bai faɗi komai ba. Rubuta "zafin cikin firiji ya haura digiri 8". Duk sauran zanen daga wannan jimla zai sauko.

Sai ka tambayi kanka me zai haddasa hakan kai tsaye. Wuta ta yanke, ko kwamfuresa (injin da ke tura gas ɗin sanyi) ta tsaya, ko gas ya zurare, ko robar murfi ta saki. Kowanne shi kaɗai ya isa, don haka ka haɗa su da mahaɗar KO, wadda ake zanawa da tsini a sama.

Yanzu bi kowane reshe ƙasa. Wuta ba za ta yanke ba sai NEPA ta ɗauke kuma janareta ya ƙi tashi. Tunda sai biyun sun haɗu, nan mahaɗar DA ce, mai kai kamar kubba da shimfiɗaɗɗen gindi. Ƙin tashin janareta kuma ya koma KO: batir ya mutu, mai ya ƙare, filta ta toshe. Idan ka kai ga abin da za a iya dubawa da ido ko a canja, ka kewaye shi da da'ira ka tsaya.

Mataki na gaba lissafin yiwuwar faruwar kowane abu ne. A mahaɗar DA ana ninkawa, a mahaɗar KO ana tarawa matuƙar alƙaluman ƙanana ne. A ce cikin dare 10 ana ɗauke wuta a 5, janareta kuma yana ƙin tashi sau 1 cikin 20. Ka ninka 0.5 da 0.05, ka samu 0.025, wato dare 1 cikin 40. Alƙaluman gaskiya daga littafin da mai kula da injin ke rubutawa za ka ɗauko su, ba daga ka ba.

Daga nan ka nemi mafi ƙarancin abubuwan da haɗuwarsu za ta kai ga akwatin sama. Wanda ya fi haɗari shi ne abin da shi kaɗai ya isa. A nan ne mutane ke yaudarar kansu. Sun ga wutar NEPA da janareta, sun ɗauka suna da hanya biyu, alhali duka biyun ta makunni ɗaya mai sauya layi suke bi, ta waya ɗaya, ta fiyus ɗaya. Wannan makunni ya ƙone, janareta sabo fil ba zai amfana komai ba. Dole makunnin ya samu nasa reshen a ƙarƙashin KO.

A ganina aikin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne komawa kan kowace mahaɗar DA da zargi. Ninkawar da muka yi tana daidai ne kawai idan babu abin da zai kashe biyun lokaci guda. Hadari ɗaya na damina zai iya kayar da turken wuta ya kuma cika ɗakin janareta da ruwa. Abin da ya faru ke nan a tashar Fukushima ta Japan ranar 11 ga Maris 2011: girgizar ƙasa ta katse wutar waje, igiyar teku ta biyo baya ta shanye janaretocin dizal da ke ƙasan gini. Don haka ka duba ko reshen biyu sun haɗa ɗaki, ko waya, ko ma mutum ɗaya mai riƙe da makulli.

Gyara sai ya bi abin da zanen ya nuna: a ɗaga janareta kan dandamali, a ajiye makunni da fiyus na ko-ta-kwana, a bai wa mutum na biyu makulli, a riƙa rubuta zafin firiji safe da yamma. Duk ranar da aka ƙara sola ko aka canja waya, a sake zanen daga sama.