Yadda Ikkilisiya Za Ta Tallafa wa Zumuntar Ɗalibai, Ta Kuma Aike Su Aikin Bishara Ƙetare

Ɗalibin Kirista a Sakkwato sau da yawa daga nesa yake zuwa: Zuru, Kudancin Kaduna, Filato ko Binuwai. Ya sauka a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, bai san kowa a gari ba, zumuntar ɗalibai ce gidansa na farko. Ikkilisiyoyi kuwa sukan tuna da su sau ɗaya a shekara, a yi baiko na musamman, a miƙa ambulan, kafin tsakiyar zango kuɗin ya ƙare. Abin da aikin yake buƙata shi ne kaɗan-kaɗan kowane wata, kuma a rubuce.

Da farko ku san wa kuke tallafa wa. Ƙungiyoyin ɗalibai Kirista da aka sani a Arewa sun haɗa da FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, da NIFES ta 1968, da NFCS ta ɗaliban Katolika. Dattijo ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata su je su zauna da shugabannin. Su nemi ganin takardar rajistar ƙungiyar da sashen kula da harkokin ɗalibai, su kuma gana da malamin da ke uban ƙungiya. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta da hurumin neman ɗakin taro, in kuma magana ta tashi, kan yaran za ta faɗa.

Mataki na biyu shi ne asusu, kuma nan ne yawancin ayyuka ke mutuwa. Kada a tura ko sisi cikin asusun shugaba ko na ma'aji, komai amincinsa. A buɗe asusu da sunan aikin, masu sa hannu uku, biyu su isa a fitar da kuɗi. Ɗaya daga cikin ukun ya zama ba ɗalibi ba, domin shugabannin ɗalibai sauyawa suke yi kusan kowace shekara. Ma'aji ya gama karatu, ya tafi bautar ƙasa, asusun ya zauna ba mai iya taɓa shi. Manzo Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi (2 Korantiyawa 8).

Ku nemi masu alkawarin wata-wata. Ga misali: mutum 40, kowa naira 2,000, sun ba da 80,000 a wata, cikin wata goma 800,000. Da yayyafi kogi kan cika. Kowane mai alkawari a rubuta sunansa da ranar biya, ma'aji ya aika masa da saƙon shaidar karɓa. Ku tsara kasafin zango-zango, ku bar rarar wata biyu a ajiye. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma irin wannan kan rikita duk tsarin da aka ɗora kan kalandar makaranta.

Me za a saya? Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Turanci, takardun nazari na ƙananan rukunoni, kuɗin mota (mazaunin dindindin na jami'ar yana wajen gari), horon sababbin shugabanni, sai asusun taimako ga wanda kuɗin rajista ya gagara ko abinci ya yanke masa ƙarshen zango. Kuɗin rajista a biya shi kai tsaye ta banki, a ajiye rasit. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da manyan lasifika da kayan kiɗa. Suna cinye kasafi, suna buƙatar janareta da mai, ƙararsu kusa da ɗakunan kwana kuma tana jawo ƙorafin da ba a nema ba. Rukuni biyar na mutum takwas-takwas da ke nazari kowane mako sun fi su amfani nesa ba kusa ba.

Cikin horon kada a tsallake zaman lafiya da maƙwabta. Ɗalibanmu ɗaki ɗaya suke kwana da Musulmi, aji ɗaya suke zama. A koya musu yadda za su faɗi bangaskiyarsu da ladabi ga wanda ya tambaya, ba tare da taɓa abin da wani yake girmamawa ba, a baki ko a zauren WhatsApp na aji. Duk wanda yake Sakkwato a watan Mayun 2022, lokacin da aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci, ya san nauyin wannan magana.

Sai batun aikewa ƙetare. Ƙa'idar farko: ba gayyata, ba tafiya. A sami wasiƙa daga ikkilisiya ko mishan da ke can, mai faɗin aikin da za a yi, masauki, wanda zai kula da su, da ranakun zuwa da komowa. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta ƙungiyoyin da suka daɗe suna aikewa, kamar EMS ta ECWA, wadda ta fara a 1948, ko CAPRO da aka kafa a Zariya a 1975. Ɗalibin Sakkwato yana da wata baiwa da ba kowa ke da ita ba, wato Hausa. Da ita zai yi aiki a Ƙonni, Tawa da Maraɗi a Nijar, ko cikin unguwannin zango na Gana. Ɗalibin likitanci ko jinya zai iya neman koyon aiki a asibitin mishan irin na Galmi a Nijar, amma sai asibitin ya amince a rubuce.

A fara shiri wata shida kafin tafiya. A zaɓi mutum huɗu zuwa shida waɗanda suka yi aƙalla shekara ɗaya suna hidima a zumunta, ba su da kwas da ake bin su bashi, iyayensu kuma sun sa hannu. Babba ɗaya ya raka su. In akwai mata, a haɗa da mace babba. Mako biyu zuwa huɗu cikin dogon hutu ya isa.

Fasfo a nema tun watan farko. Abin da ya fi jinkirta shi shi ne sunan da ke kan NIN ya saɓa da na sauran takardu, saboda haka a duba harafi-harafi. Katin rigakafin cutar shawara (yellow fever) ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. A ƙara da allurar sanƙarau, gidan sauro da maganin zazzaɓi, musamman da damina. Illela, garin iyaka da Nijar, kusa take, amma kusanci ba izini ba ne: an rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, Nijar kuma ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025. A tambayi Hukumar Shige da Fice da mai masauki halin da ake ciki a makon tafiyar. A bi ta ƙofar hukuma, da rana, a buga hatimi. In mai masauki ya ce a dakata, a dakata, ko da an gama tara kuɗi.

Kasafin tafiya ya ƙunshi mota, takardu, allurai, abinci, gudummawa ga mai masauki, da ƙarin kashi 15 cikin ɗari domin canjin sefa da rashin lafiya. A raba kuɗin hannun mutum biyu. Kowace yamma jagora ya kira dattijon da aka naɗa a gida.

Ranar Lahadi ta ƙarshe a kira su gaban ikkilisiya, a ɗora musu hannu kamar yadda aka yi wa Bulus da Barnaba a Antakiya (Ayyukan Manzanni 13). Bayan sun komo, cikin mako biyu su kawo rasit da rahoto shafi ɗaya, su tsaya gaban jama'a minti goma su faɗi abin da suka gani. Ragowar kuɗi ya koma asusu a ranar, kwafin rahoton kuma a aika wa kowane mai alkawari da mai masaukin da ya karɓe su.