Kurakuran da ake yi wajen gane icen girki

Yawancin masu tsintar itace da ɓawo suke yanke hukunci, kuma daga nan ake fara ɓata lissafi. Ɓawo na taimakawa idan sabon sara ne. Na kaɗanya ya tsattsage gida-gida kamar bayan kada, na marke dabbare-dabbare ne yana ɓarewa falle-falle, na bagaruwa baƙi ne mai zurfin tsaga. Amma icen da damina ta wuce a kansa yana ƙasa, gara ta bi shi, rana ta gasa shi, duk launi ɗaya yake komawa. Sa masa gatari ka duba cikinsa. Zuciyar ƙirya ja ce mai duhu, kuma gatarin ma sai ya dawo maka saboda tauri. Aduwa rawaya ce har ciki. Maɗaci ja-ja ne. Kuka kuwa ba ta faskaruwa, sai dai ta yage zare-zare, kuma ba ta da abin da za ta ba murhu.

Sai batun nauyi. An san ice mai nauyi shi ke riƙe wuta, shi ya sa wasu da sun ɗaga sun ji ya cika hannu sai su ɗaure dami. Ɗanyen rimi ko ɗanyar danya ma suna da nauyi, amma nauyin ruwa ne. Buga guda biyu da juna: busasshe yana ƙara rau, ɗanye kuma ƙararsa a dushe take. Duba bakin saran kuma, busasshe ya kan tsage daga tsakiya zuwa gefe. Wanda ya bushe sarai amma nauyinsa na nan, shi ne na garwashi.

Hanci ma ba a cika amfani da shi ba. Ɗan ɓantari gefe ka sansana. Icen turare ba ya ɓuya, darbejiya kuma tana da nata warin mai ɗaci. Kar dai a kai baki, domin akwai masu dafi.

Rashin gane masu dafin ne kuskuren da ya fi tsada. Samberu da gwaska guba ne, makiyaya sun san abin da ganyen samberu ke yi wa dabba. Ba a fiƙe su a yi tsinken tsire, ba a gasa nama a kansu. Tumfafiya da aguwa da tinya suna da farin ruwa mai cutar da ido, kuma yara ne suka fi kwaso su saboda ba su da wuyar karyawa. A nuna musu tun suna tsaye da ganyensu. A cikin gari kuma abin gudu shi ne guntun tsohon turken wutar lantarki da katako mai fenti. An jiƙa turken da maganin hana gara, hayaƙinsa bai dace da abinci ba, balle huhun mai girki a rufaffen madafi. Icen da ya ƙi ganuwa, kada ya kusanci gashin nama.

Mutane kuma sukan ɗauki reshe su wuce ba su dubi inda ya faɗo ba. Ƙaya, busasshen ganye ko 'ya'yan da ke zube a wurin sun fi ɓawo faɗin gaskiya. Gawo ma da kansa yake bayyana kansa, shi ne ke tsaye tsirara da damina lokacin da kowa ya yi kore, don haka kar a ɗauka ya mutu a sare shi. Mai gona ba zai yafe ba.

Ko an gane icen, a kan sa shi inda bai dace ba. Ƙirya da marke da tsamiya na dogon girki ne, tuwon taro ko dahuwar wake, kuma gawayin ƙirya maƙera ke nema. Sabara da geza ƙirare ne, nan da nan suke kamawa su cinye. Da su ake hura wuta, sannan a ɗora manyan faskare a kai.