Zagayen duniya a kujerar ikonomi: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen katin tara mil

Tikitin zagaya duniya tikiti ne guda ɗaya mai ɗauke da tashin jirgi har 16. Ka fita daga Najeriya ka fuskanci gabas ko yamma, ka haye tekun Fasifik sau ɗaya, Atilantika sau ɗaya, ka dawo ƙasar da ka tashi cikin wata 12. Ƙawancen kamfanonin jiragen sama na Star Alliance na sayar da nasa bisa tsawon tafiya, mil 29,000 ko 34,000 ko 39,000. Ƙawancen oneworld kuwa na lissafa nasa, wato Explorer, bisa yawan nahiyoyin da ka taka, daga uku zuwa shida. Tafiya irin wannan ba kasafai mutum ke maimaita ta ba, shi ya sa asarar mil ɗinta, wato makin da kamfanin jirgi ke tara wa mai katinsa har ya yanki tikiti da shi, ke da ciwo. Kuma mafi yawan asarar tun a ofishin ejan ake yin ta, kafin a ɗauki jaka.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne fara zaɓen kati kafin a san hanya. Wani ya dawo daga Dubai yana yabon Skywards, katin kamfanin Emirates, sai Alhaji ya buɗe shi ma. Emirates ba ta cikin kowane ƙawance daga cikin manyan ukun nan, wato Star da oneworld da SkyTeam, haka ma Etihad, saboda haka mafi yawan jiragen da ke cikin tikitin zagayenka ba za su zuba komai a wannan katin ba. Ga mai fasfon Najeriya, abin da ke gaba da komai biza ce. Ba yadda za a yi ka haye tekunan biyu ba ka sauka nahiyar Amurka ba. Ƙasar Amurka ba ta da tsarin wucewa ba biza, ko awa biyu za ka yi a filin jirgi sai da ita, kuma tun 2025 sharuɗɗan bizarta ga 'yan Najeriya suka ƙara tsanani. Kanada na neman bizar wucewa. Ingila da ƙasashen Shengen su ma suna neman ta daga ɗan Najeriya ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai dai in yana riƙe da wasu bizozin da ke ɗauke masa. Wanda ya kauce wa Amurka da Kanada, hanyoyinsa kaɗan ne: akwai jirgin ANA tsakanin Tokiyo da birnin Meziko, na Star ne, akwai na Qantas tsakanin Sidni da Santiyago, na oneworld ne, kuma kowace ƙasa a cikinsu da tata bizar. To ka ga biza ce ta zaɓa maka hanya, hanya ta zaɓa maka ƙawance. Sai bayan nan ake maganar kati.

Daga nan sai rarraba mil. Mutum ya hau Ethiopian ya buɗe ShebaMiles, ya hau Turkish ya buɗe Miles&Smiles, ya hau Singapore Airlines ma'aikaciya ta miƙo masa fom ya cika KrisFlyer. Ya dawo Sakkwato da kati biyar, kowanne da 'yan dubbai a ciki, ba wanda ya isa tikitin Jidda. Kamar mai zubin adashi ne a gida biyar wanda bai cika ko ɗaya ba, ranar kwasa ba sunansa. Kamfanonin ƙawance ɗaya suna karɓar lambar juna. Lamba ɗaya za ka bayar a dukkan tashin, kuma mil da ya riga ya faɗa wani kati ba ya komawa wani. Banda ɗaya da na sani mai amfani gare mu: British Airways da Qatar duk mil iri ɗaya mai suna Avios suke bayarwa tun 2022, kuma ana iya tura shi daga wannan asusu zuwa wancan ɗaya bisa ɗaya in an haɗa su.

Inda ya kamata a zauna a natsu shi ne batun harafin tikiti, domin nan ne kujerar ikonomi ke yaudarar mutane. Ka ɗauki takardar tikitin da ejan ya buga maka. A kowane layi, bayan lambar jirgi, akwai harafi ɗaya tilo: Y, ko M, ko L, ko K, da makamantansu. Duk waɗannan ikonomi ne, abinci ɗaya, matsin gwiwa ɗaya, amma kowane kati yana da jadawalin da ke cewa wannan harafin a jirgin wannan kamfanin ana ba shi kashi 100 na tsawon tafiya, ko 50, ko 25, ko kuma babu. Tikitin Explorer na ikonomi a harafin L ake yanka shi, kuma L a katuna da yawa ba ya cikin masu samun cikakken kaso. Lissafin a fili yake. Tafiyar mil 29,000 a kashi 100 ta ba ka 29,000. A kashi 50 ta ba ka 14,500. A kashi 25, 7,250 kacal, bayan ka kewaye duniya.

Idan ka tambayi ejan harafin, ba mamaki ya ce maka, "Ranka shi daɗe, duk ɗai na, kujera kujera ta." Ba ƙarya ya yi ba ta fuskar zama, shi aikinsa ya zaunar da kai cikin jirgi. Kai dai ka nace ya rubuto maka harafin kowane tashi da sunan kamfanin da ke da jirgin, kafin ka biya. Sannan ka ɗauki tashi uku ko huɗu mafi tsawo, irin ƙetaren teku, domin su ne ke ɗauke da mafi yawan mil, ka buɗe shafin katuna biyu ko uku da kake tunani, ka duba jadawalin abokan hulɗa. Harafi guda a jirgi guda yana iya samun kashi 100 a wannan kati, 50 a wancan. Aikin yamma ɗaya ne da biro da takarda. Ƙananan tashin awa ɗaya kada su ɗauke maka hankali.

A nan ma akwai wani tarko. Tikiti na iya nuna lambar kamfani kaza, amma a ƙasa da ƙaramin rubutu an ce wani kamfanin ne zai ɗauke ka. A Star Alliance, wanda ya mallaki jirgin da ya tashi da kai shi ake dubawa, kuma in ba ɗan ƙawancen ba ne sau da yawa ba a ba da komai. Haka duk ratar da ka yi ta ƙasa, misali ka sauka wani birni ka hau jirgin ƙasa zuwa wani, ana ƙirga ta cikin 16 ɗin nan, amma ba mil a kanta.

Sai mafarkin katin zinare. Mil iri biyu ne: na kashewa, wanda ake sayen tikiti da shi, da na matsayi, wanda ke ɗaga ka zuwa Silver ko Gold a Star, ko Ruby da Sapphire da Emerald a oneworld. Gold da Sapphire su ne ke buɗe falon hutawa na filin jirgi da ƙarin kaya da layin gaba. Silver na Star kusan suna ne kawai, fifiko a jerin masu jiran kujera. Mutane na ɗauka zagaye ɗaya zai kai su Gold. Duba katin Turkish, wanda ake ɗauka yana cikin masu sauƙi: matakin Elite, wanda shi ne Gold a Star, na neman mil 40,000 na matsayi cikin wata 12, shi kuwa tikitin Star mafi tsawo 39,000 ne iyakarsa, kuma wannan in kowane harafi ya ba da kashi 100. Wasu katunan ma sun daina duba tsawon tafiya. British Airways ta koma lissafin matsayi bisa kuɗin da ka kashe tun Afrilun 2025. United na duba kuɗi, sannan sai ka hau jirginta ita kanta aƙalla sau huɗu. Miles & More na Lufthansa tun 2024 maki yake bayarwa kan kowane tashi, kuma rabin abin da ake nema dole ya fito daga jiragen gidansu. Mai ikonomi daga Najeriya a irin waɗannan katunan wahala kawai zai sha in matsayi yake bi.

A ganina, in ba ka da wata doguwar tafiyar a cikin shekarar, ka cire matsayi daga ranka. Ko an ba ka, amfaninsa sai a tafiye-tafiyen gaba. In kuwa kana da Umara ko tafiyar Gwanzu ta Caina a cikin wata 12 ɗin, to ka jera su kusa da zagayen su taru a kati ɗaya, a nan ne 40,000 ke yiwuwa.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne ainihin ma'aunin zaɓe, wanda kuma masu karanta shawarwarin Turawa a intanet suka fi tsallakewa. Waɗancan shawarwarin an rubuta su ne ga mai zama Landan ko Niyok, mai katin banki da ke ƙara masa maki kullum. Kai tambayarka ita ce: bayan na dawo, wane jirgi zan riƙa hawa? Filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato na kai mu Abuja da Legas, da jigilar alhazai in lokaci ya yi, kuma babu kamfanin Najeriya ko ɗaya a cikin ƙawancen nan uku. Tafiyarmu ta waje daga Kano ko Abuja ko Legas take farawa. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya a Caina ta Adis Ababa, da mai kai iyaye asibiti Alkahira, da malamin jami'ar Danfodiyo da ke zuwa taro ta Santambul, duk hanyarsu Star ce: Ethiopian ta shiga a 2011, EgyptAir da Turkish a 2008. Mai bi ta Doha ko Landan ko Kasablanka oneworld yake, wato Qatar da British Airways da Royal Air Maroc. Mai Umara a jirgin kamfanin Saudia kowane azumi kuwa SkyTeam yake, tare da Kenya Airways da Air France da KLM, kuma mil ɗin zagayen da ya yi a Star ko oneworld ba zai haɗu da na katinsa na Saudia, wato Alfursan, ba har abada. Jirgin shata na aikin Hajji galibi ba ya ba da mil, kada a sa shi a lissafi.

Wa'adi ma na cin mutane shiru. Mil na Turkish da KrisFlyer da Miles & More shekara uku ne ga mai ƙaramin kati, ko kana hawa ko ba ka hawa, in lokacin ya cika ya tafi. Avios na British Airways na rayuwa muddin asusun ya motsa sau ɗaya cikin wata 36. Aeroplan na Air Canada wata 18 ne na rashin motsi, AAdvantage na American Airlines 24. Na United ba ya mutuwa tun 2019. Wanda ke fita waje sau ɗaya a shekara biyu ko uku, kuma hanyarsa Star ce, wannan kaɗai ya isa ya sa ya duba United da kyau, tunda da mil ɗinta ana yankar tikiti a Ethiopian ko EgyptAir daga Kano.

Kuma tikitin mil ba kyauta ba ne gaba ɗaya. Harajin filin jirgi na kanka, wasu katunan kuma suna ɗora kuɗin mai a kai, British Airways da Lufthansa sun yi suna a wannan. Da dala ko fam ake biya, saboda haka a tanadi katin asusun dala, na naira na iya tsayawa a iyakar da banki ya sa. Kafin ka yanke shawara, shiga shafin katin ka gwada neman Abuja zuwa Jidda ko Alkahira da mil, ka ga nawa ake nema da nawa za ka cika daga aljihu.

Akwai kuskuren da ya fi damun mu nan arewa fiye da kowa, wato suna. A fasfo Muhammad, a katin mil Mohammed, a tikiti Muhammadu. Ko kuma fasfo ya sa sunan gari a matsayin sunan dangi, Tambuwal ko Wurno ko Gwadabawa, shi kuwa mai shi ya buɗe kati da sunan mahaifi, ko da Garba alhali Abubakar ke rubuce. Kwamfuta ba ta san Shehu da Usman mutum ɗaya ba ne. In suna bai dace ba, mil ba ya shiga, kuma ba wanda zai kira ka ya faɗa maka. Ka buɗe kati fasfo na gabanka, harafi bisa harafi, sunan dangi a gurbinsa. Hajiya da yara kowa da nasa asusun, domin wanda ya zauna a kujera shi ke da mil, ba wanda ya biya ba. Qatar da British Airways da Turkish duk suna da tsarin haɗa na iyali wuri ɗaya in ana so.

A buɗe katin kafin ranar tashi, a sa lambar cikin bayanan tikitin, kuma a kowace kantar filin jirgi a duba ko ta fito a jikin takardar shiga jirgi. A tafiya mai tashi 16 a kamfanoni shida ko bakwai, da wuya wani bai maƙale ba. Kada a yar da waɗannan takardun a aljihun kujera. A ɗauki hotonsu da waya, a ajiye na asalin har sai mil ya shigo, tare da lambar tikiti mai lamba 13. Yawancin katuna na karɓar ƙorafi cikin wata shida zuwa shekara, bayan nan ƙofa ta rufe.

Tikitin Sakkwato zuwa Abuja kuwa daban yake da na zagayen, ba ruwan ƙawance da shi. In hazon hunturu ya hana jirgi sauka ka rasa tashin farko, kamfani na iya soke sauran tashin duka. Ka sauka Abuja ko Kano kwana ɗaya kafin ranar, biyu ma in Disamba ne ko Janairu.