Yadda nake girkin sallah a zaune, ga 'yan uwana masu lalurar ƙafa ko hannu

Ni dai tun ina 'yar shekara 4 shan inna ta taɓa min ƙafafu, da keke nake yawona a Garwa ta arewacin Kamaru, amma girkin sallah a gidana ni nake yin abina, kuma duk shekara sai wata ta tambaye ni wai Aunty ya kike yi. To ga yadda nake yi. Abu na farko da zan ce miki 'yar uwa, kar ki yarda ki tara aikin sallah a safiyar sallah, mai ƙafa biyu ma wahala take sha balle mu. Kwana 3 nake raba shi.

Saura kwana 3 cefane. Kar ki jira jajibiri ki ce za ki kutsa babbar kasuwa da keke, turereniya ce kawai da 'yan moto. Ki rubuta komai a takarda ki je da sassafe ke da yaro ɗaya mai ɗauko miki kaya, ko ki samu ɗan moto ɗaya amintacce ki riƙe lambarsa. Shinkafa in son samu ne ta Yagwa, ta fi laushi a tuwo, ba ta sa mutum dogon tuƙi. Albasa, tattasai, attaruhu, kabewa, yakuwa, gyaɗa, mai ko na gyaɗa ko Diamaor, man audugarmu na gida. Gaz kuma ki duba shi tun da sauran sati, butel mai kilo 12.5 farashin gwamnati sefa 6,500 ne amma gab da sallah wuyar samu yake.

Saura kwana 2 niƙa da soye-soye. Turmi da taɓarya ki bar su wallahi, ki kai komai inji, markaɗen kayan miya da gyaɗa da garin yaji, kafaɗunmu su ne ƙafafunmu, da su muke tura keke da su muke ɗaga jiki, in kika ƙarar da su a daka ranar sallah ko ludayi ba za ki iya ɗagawa ba. Markaɗen ki zuba a tukunya ki dafa shi har ruwan ya tsotse sannan ki soya da mai sosai, a haka zai kwana biyu ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, matuƙar kina ɗumama shi safe da yamma. Cincin da folere, wato zoɓo, ma ranar nake gamawa.

Yanzu wajen girkin kansa, nan ne maganar take. Ki sauko da madafa daidai tsayinki. In a ƙasa kike zama ki shimfiɗa tabarma ki ɗora matashi mai kauri, ki jingina bayanki da bango, murhu a gefen hannunki mai ƙarfi, ba a gabanki tsakanin ƙafafu ba. In a kujera mai taya kike, ki sa kafinta ya yi miki tebur da gwiwarki za ta shige ƙarƙashinsa, kuma ya zama kina hango cikin tukunya daga zaune, don wadda ba ta ganin cikin tukunya ita ce take jawo ta gabanta ta leƙa, daga nan ake ƙonewa. Ƙaramin butel ɗin nan mai kilo 6 da ake ɗora tukunya a kansa, wanda 'yan uwanmu na Injamena suka saba da shi tun da aka hana gawayi wajen 2009, yana da kyau ga shayi da ƙaramin girki, amma babbar tukunyar sallah a kansa rinjaya take yi, gara rishon gaz mai faɗi mai tiyo. Gishiri, magi, ludayi, mara, tsumma, bokitin ruwa, duka ki jera su inda hannunki zai kai kafin ki kunna wuta. Ki tsuke mayafi da hannun riga, sabon ɗinkin sallah kuma sai an sauke girki.

Dokar da ba na karyawa: ba na ɗaga tukunya mai zafi, ko ƙarama ce. Akwai shekarar da na ce bari in tsiyaye ruwan taliya da kaina, tukunyar ta kufce, har yau tabon yana cinyata. Tun daga lokacin matsami na ƙarfe nake sakawa cikin tukunyar in dafa taliyar a cikinsa, in ta nuna in ɗago shi kawai, ruwan ya huce a inda yake. Miya da ludayi nake kwashewa cikin kula a kan murhun. Masu ciwon laka da ba sa jin zafi a ƙafa, dan Allah ku kula sosai, kwano mai zafi a kan cinya zai ƙona ki ba ki sani ba, ki ɗora katako da tawul mai kauri tukun. In tsautsayi ya faru ruwan sanyi na famfo za ki yi ta zubawa minti 20, ban da man goge baki ban da ƙwai ban da manja, in wajen ya yi faɗi ko ya tashi sosai a tafi asibiti.

Tuwo shi ne mai cin ƙarfi. Maimakon tukunya ɗaya ƙatuwa nake yin ƙanana biyu, in bar shinkafar ta dahu ta yi luguf da ruwa isasshe, tuƙin minti kaɗan ne. Shinkafa dafa-duka kuma akwai dabarar da Goggona ta koya min, in ta tafasa kamar minti 5 a rufe da murfi mai kamawa, yaro ya sauke ta cikin kwando da aka shimfiɗa wa tsofaffin zannuwa da bargo, a lulluɓe ruf, bayan minti 40 ta nuna da kanta, ba ƙonewa ba zaman gadi, ga gaz ya ragu.

Ƙawata da shanyewar ɓarin jiki ta bar ta da hannu ɗaya, katako gare ta da aka buga wa ƙusoshi 3 marasa tsatsa, tana soka albasa ko nama a kai ta yanka. Jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin kwano yana hana shi zamewa, alayyafo da yakuwa da almakashi take yankawa, ƙotar wuƙa da ta muciya kuma ta naɗa musu robar tayar keke don riƙon ya yi kauri. Kuma wuƙa mai kaifi ta fi dakusasshiya aminci, ba sai kin danna da ƙarfi ba.

Ki riƙa hutawa. Duk minti 20 zuwa 30 ki ɗaga jikinki ko ki sauya zama saboda gyambon zama, ki ajiye ruwan sha kusa. Shekarun nan ƙaramar sallah cikin bazara take faɗowa, zafin Garwa da Marwa ya haura 40, don haka da asuba nake ɗora miyar taushe, kafin a sauko daga idi na gama. In da gawayi kike kar ki shige ɗaki ki rufe ƙofa don gudun rana ko ruwan sama, iskar gawayi tana kashewa kuma ba ta da wari. Dafaffiyar shinkafa kar ta wuce awa 1 a buɗe a wannan zafin.

Maganar taimako kuma, na daɗe ina jin nauyin in ce a kama min, gani nake za a ce ai dama ba za ta iya ba. Yanzu tun saura sati nake faɗa wa kowa nasa, ƙanina ɗebo ruwa da sauke tukunya, 'yar yayata wanke-wanke da kai kwanon maƙwabta. Amma gishiri da yaji da ɗanɗano ba mai taɓa min. In wata ta zo da tausayi ta ce Hajiya ki huta in ƙarasa miki, sai in ce na gode Yaya, ki miƙo min kular can.

Babbar sallah ki biya mahauci ya yi fiɗa ya yanka miki naman ƙanana ya sare ƙashi tun a wajen, kayan ciki ki fara da su ranar don su ne ba sa jira. Suyar nama washegari, kaɗan-kaɗan a kasko mai zurfi da man da bai wuce rabi ba, ki sa naman da doguwar matsami ba da hannu ba, kuma man sai ya huce sarai kafin kowa ya matsar da kaskon.