Yadda Ake Gyara Kan Injin Idan Filogi Ya Fice Daga Mazauninsa

Direban da filogi ya taɓa fice masa yana cikin tafiya ba ya manta ƙarar. Da farko za a ji wani abu ya fashe a gaban mota, daga nan sai injin ya kama bugu kamar salansa ta tsinke, ƙarfinsa ya ragu, warin fetur ya cika wuri. Abin da ya faru shi ne, matsin da ke cikin silinda ya tunkuɗo filogin waje da ƙarfi, ya tafi da tiredin da ke riƙe da shi, wato haƙoran da ake murɗa shi a ciki, kuma sau da yawa yakan fasa koyil ɗin da ke zaune a kansa, wato na'urar da ke ba filogin wuta.

Tushen matsalar yana cikin ƙarfen da aka yi kan injin da shi. Galibin motocin yanzu kan injinsu na alminiyam ne, alhali jikin filogi baƙin ƙarfe ne, kuma idan zafi ya kama su, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke yi. Idan aka ɗaure filogi sako-sako, sai ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan yana cin tiredin har ya ƙare. Idan kuma aka matse shi fiye da kima, ko aka sa shi a karkace, tun a ranar an raunata wurin. Injunan da suka yi ƙaurin suna a wannan su ne Triton na kamfanin Ford masu lita 4.6 da 5.4 da 6.8, masu bawul biyu a kowace silinda, waɗanda aka ƙera a Amurka da Kanada daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, aka sa su a motoci irin su F-150 da Expedition. Tiredin da ke riƙe da filogi a waɗannan injuna bai wuce zagaye huɗu ba, don haka kuskure kaɗan ya ishe su. Amma duk injin da ke da kan alminiyam, har da na babur, zai iya yin haka idan ya faɗa hannun mai gaggawa.

Da zarar abin ya faru, a kashe mota. Hayaƙin fetur yana fita ta ramin, koyil kuma yana iya ba da tartsatsi, ga gobara ke nan. Idan dole ne a matsar da motar, a cire wayar koyil da ta injekta, wato mai fesa fetur, na wannan silindar tukuna. Bayan injin ya huce sarai, a duba filogin da ya fito: idan an ga alminiyam ya cika tsakanin haƙoransa, tiredin kan injin ne ya biyo shi. A kuma duba bakinsa, domin idan wani yanki ya karye, mai yiwuwa yana cikin silinda, kuma sai an gano inda yake kafin a ci gaba. Ƙaramar kyamarar da ake zurawa ta ramin filogi tana da amfani ƙwarai a nan.

Mafi yawan lokuta ba a buƙatar sauke kan injin. Ana faɗaɗa ramin ne, a yanka sabon tiredi, a sa hannun riga na ƙarfe wanda zai dawo da ramin zuwa girmansa na asali, wanda a filogi da yawa milimita 14 ne. Akwai nau'in waya mai murɗe irin Helicoil, akwai kuma dunƙulalle irin Time-Sert. A ganina dunƙulallen ya fi dacewa da ramin filogi, saboda wuri ne da ake kwancewa ana ɗaurewa, kuma na waya yakan biyo filogi a canji na gaba. Wajibi ne tsawonsa ya yi daidai da na tiredin filogin, mazauninsa kuma ya dace, domin wani filogin yana zama ne a kan wasa, wato zoben ƙarfe da ke toshe bakin ramin, wani kuma ƙasansa a fiƙe yake, ba shi da wasa.

Kafin a taɓa ramin, a juya injin da hannu har fistin ya sauka ƙasa kuma bawul duka suna rufe, domin kada kayan yanka su taɓa kan fistin ko bakin bawul. A nan ne aikin yake lalacewa ko ya yi kyau, kuma abin da ya fi komai haɗari shi ne ɓarɓashin alminiyam da zai zuba cikin silinda. A cika kwarin abin yankan da giris mai kauri don ɓarɓashin ya manne a jiki, a murɗa shi da hannu a miƙe, zagaye biyu ko uku, a fito da shi, a goge, a sake shafa giris, a koma. Aikin yana da gundura, amma wanda ya ƙosa ya yanke ramin a tashi ɗaya, shi ne zai ga bangon silinda ya karce daga baya. Idan an gama, a zuƙe abin da ya rage da siririn tiyo, a hura iska mai ƙarfi, sannan a yanke fetur da wuta a buga sitata na ɗan lokaci ramin yana buɗe don ragowar ta fita. A wanke giris daga sabon tiredin ya bushe, a sa hannun rigar da kayan da ya zo da shi, tare da gam mai jure zafi idan masu ƙera shi sun ce a sa, har ya zauna daram.

Sabon filogi da hannu ake fara murɗa shi, ba da sifana ba. Idan ya cije tun farko, a dawo da shi, a karkace yake. Ƙarasawa kuwa da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ake yi, bisa adadin da littafin motar ya faɗa. Filogi mai milimita 14 mai wasa yakan ɗauki tsakanin Nm 25 zuwa 30 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) a kan alminiyam, marar wasa kuma ƙasa da haka, tsakanin 10 zuwa 20. Kamfanin NGK yana hana shafa wa filoginsa man hana cijewa, domin santsin yana sa a matse fiye da kima ba a sani ba. A canja koyil ɗin da ya fashe, a auna matsin silindar, kuma tunda hannu ɗaya ne ya ɗaura sauran filogin, a bi su ɗaya bayan ɗaya a duba.

Sauke kan injin yana zama dole idan an ga tsagewa tsakanin ramin da mazaunin bawul, ko matsin silindar ya faɗi, ko an taɓa gyara ramin har babu sauran naman da zai riƙe sabon tiredi. A irin wannan hali a kai shi wurin masu sassaƙar ƙarfe su auna ko ya lanƙwashe, a sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, a sauya kusoshin kan idan irin waɗanda ake ɗaurawa sau ɗaya ne, a kuma kula da alamomin tayimin, masu daidaita motsin bawul da na fistin, wajen mayarwa.

Filogin da ya fara kwancewa yakan yi ƙarar ƙyas-ƙyas mai bin bugun injin, wadda ake ɗauka salansa ce ke yoyo. Wanda ya ji ta, ya bar injin ya huce, ya cire koyil ya duba ko akwai baƙar toka a jikin robarsa, sannan ya gwada ɗaurin filogin da ke ƙarƙashinsa.